Ashirin Ɗin Hanyar Madekali

Shekarar da ɓarin jikin Yaya ya shanye, shirun da ya yi ya fi ciwon ba ni tsoro. Mutumin da in ya ɗaga murya a rumfar albasa ake jin sa har tashar kabu-kabu, sai ga shi ya shige ƙuryar ɗaki ya ce a saki labule. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama tana ja, baki ya ɗan karkace, in yana magana sai ka kasa kunne da kyau. Likita ya ce da sauƙi, hankalinsa ras yake, ya riƙa fita yana motsa jiki. Yaya ya ce shi ba zai fita mutanen Malanville su yi kallonsa ba. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, matarsa tana tarar su a tsakar gida tana cewa barci yake, alhali kowa ya san idonsa biyu. Tun ana zuwa har aka gaji, aka koma aiko da gaisuwa.

Shi ne babban wanmu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai yi lakkwal ba, wato boko, karatun allo ya yi, daga nan sai kasuwa, inda ya yi rayuwarsa tsakanin buhunan albasa da na shinkafa. Ni aka sa makarantar Faransanci, na fito na zama mai gyaran waya a wani ɗan shago bayan kasuwa. Kullum yana yi mini gori cewa duk karatuna ya ƙare a kwance sukurori.

A shagon nan na san taswirar intanet da kowa ke iya sa hannu a cikinta. Ka ga ba a zana titinku ba, ka zana. Ka ga an rubuta sunan unguwa ba daidai ba, ka gyara. Wani daga wata ƙasa ya duba aikinka, kai ma ka duba nasa. Haushi ne ya shigar da ni. Na buɗe na tarar garinmu, mai kasuwar da ake ci daga ƙasa uku, an zana shi da titi ɗaya da gada, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a ciki ba. Na yi ta zana lunguna da masallatai da rijiyoyi har garin ya fara kama da kansa. Abu ɗaya ne ya rage da ban taɓa ba, wato iyakar gudu. Kowace hanya a taswirar tana da gurbin da ake rubuta lambar da ke jikin allon bakin titi, zagayayyen nan mai jan baki. Daga can wayoyin direbobi ke ɗauka su nuna musu. Ɗan gari ba ya bukata, ya san inda ake sassautawa. Amma baƙon da ya taso daga bakin teku, bai taɓa taka ƙasar nan ba, abin da waya ta gaya masa shi zai bi.

Wata rana na ɗaga labulen Yaya ba tare da an ce in shigo ba. Na ce aiki ya yi mini yawa, ina neman mai taya ni. Na nuna masa hanyoyin, na nuna masa gurbin lambar.

Ya dube ni a karkace ya ce, "Da wane hannu?"

Na ce, "Da wanda yar rage."

Matarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta watso mini harara. Shi kuwa ya zage ni, zagi mai kyau, irin wanda na yi wata da watanni ban ji ba. Wallahi daɗi na ji. Na ajiye masa wata tsohuwar waya mai faɗin fuska a kan katifa na fita. Da na dawo bayan kwana biyu na tarar yana ja da babban yatsan hagu yana neman gidan surukansa.

Na buɗe masa nasa shafin da laƙabin da ya zaɓa. Tunda ba ya fita, sai muka tsara a riƙa kawo masa lambobin. Yana da mutane, 'yan kabu-kabu da direbobin da suka yi shekaru suna ɗaukar masa albasa. Duk wanda ya dawo daga Gene ko Tumbutu ko Madekali ya biyo ya faɗi allon da ya gani da inda ya gan shi. Da fari daga bayan labule yake karɓar bayani, su suna tsakar gida suna ɗaga murya, shi yana ciki yana tambaya ba sa ji. Abin ya zama wasan yara, shi kansa ya gani. Wata safiya ya ce a fitar masa da kujera zaure.

Daga ɗaki zuwa zaure ba wata tafiya ba ce, amma a gidanmu ranar kamar an yi suna. Ba a daɗe ba zauren ya cika. Aka kawo murhun shayi, masu kawo lamba suka zama masu hira, masu hira suka jawo wasu. Yaya yana tsakiya, waya a cinya, yana titsiye su kamar alƙali. Kafin rijiya ne ko bayan rijiya? In kana tafiya ne ko in kana dawowa? Wanda ya yi inda-inda a ce ya koma ya sake dubawa. Matarsa ta ce mini, "Ɗan'uwanka ya samu sauƙi, jiya ya ce miyata ba gishiri." Ƙofar gida dai bai taɓa ƙetarewa ba, ko masallacin Juma'a. Mun ce a bi a hankali.

Ana nan sai saƙo ya shigo shafinsa. Da Faransanci aka rubuto, ni ke karanta masa irin waɗannan, don haka ni na fara gani. Wani ne daga cikin masu duba aikin jama'a, ban san ƙasarsa ba, laƙabinsa kawai na gani. Ya yi gaisuwa, ya yi godiya, sa'an nan ya ce ya ga an sa ɗari a wata kwana kan hanyar Madekali, alhali a hoton sama akwai gidaje dab da titi. Ya ce ya duba sauran lambobin mai wannan shafi, babu ko ɗaya mai hoton allo. In ba a samu wanda zai je ya tabbatar da ido ba, zai cire su duka, domin lambar ƙarya ta fi rashin lamba haɗari.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum yana zaune can inda yake, bai san ƙurar hanyar nan ba, bai san ko da wane yatsa aka rubuta lambobin ba, zai share su da dannawa ɗaya. Na rubuta masa amsa mai zafi, na karanta, na goge. Ni ba taswirar nake ji ba. Na san Yaya. In ya wayi gari ya ga an share aikinsa saboda an ce ba a yarda da shi ba, zai ce a mayar da kujera ciki, kuma wannan karon babu wayar da za ta fito da shi. Na rubuta wa mutumin cewa ya dakata, zan je da kaina. Yaya ya tambaye ni abin da aka ce, na ce gaisuwa ce daga abokan aiki, wanda kuma akwai gaisuwar a ciki.

Na rufe shago na hau moto, wato babur ɗina. Hanyar Gene na fara bi, don ita ce babba. Na wuce jerin manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dafa abinci. Duk allon da na gani sai in tsaya, in ɗauki hoto, in buɗe taswira in gwada. Hamsin a fitar gari, hamsin a waya. Saba'in, saba'in. Casa'in inda daji ya buɗe, casa'in. Wani allon ya koɗe, wani an harbe shi da dutse, wani ya sunkuya sai na leƙa ta ƙasa, amma duk inda na gwada daidai ne, har wurin da aka dasa shi. Ina tafiya ina jin daɗi, ina shirya baƙar maganar da zan aika.

A Gene na tarar da dattijon ɗan kabu-kabun da ke kawo lambobin wannan hanya, yana cin shinkafa da wake a wata rumfa. Ya matsa mini na zauna. Don hira kawai na nuna allon shiga gari, wanda ake hangowa daga inda muke, na ce, "Baba, wancan nawa kac ce ma Yaya?"

Ya ce, "Goma."

Na sake duban allon. Biyar da sifili, ɓaro-ɓaro. Na ce, "Goma ƙaƙa? Hamsin ta!"

Ya ce, "Hamsin taku ta 'yan lakkwal. Mu goma muka ce mata. Wancan na gaba sha huɗu, na cikin daji sha takwas, na ƙohwal likita shidda." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Sai na fashe da dariya, har mai rumfar ta juyo. A nan wurinmu ba a ƙirga kuɗi da sefa, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Wanda bai yi lakkwal ba a jikin kuɗi ya koyi lambobin Nasara. Ya ga biyar da sifili, bakinsa goma zai ce. Ya ga ɗaya da sifili biyu, ashirin zai ce. Ni ma haka nake yi a kasuwa ba tare da na lura ba, ban dai taɓa kawowa a raina cewa abin ya bi mutane har bakin titi ba. Shi kuma Yaya ya yi shekara da shekaru ana gaya masa da dala yana rubutawa da sefa, hannunsa ya saba, har na hagun ya gada. Su su raba biyar, shi ya ninka biyar, lamba ta koma yadda take a jikin allo. Ni da rana ina shago, ban taɓa zama na ji yadda ake bayarwa da karɓa ba. Na dawo gida ina murmushi ni kaɗai a kan moto.

Kashegari na ɗauki hanyar Madekali, wadda 'yan Najeriya ke shigowa ta kanta. Nan ma komai daidai har na wuce garin. Sai kwanar. Titi ne mai laushi, ya miƙe sosai, sa'an nan ya karya hagu farat ɗaya. A cikin gwiwar kwanar akwai 'yan gidaje na laka, da burtalin da shanu ke bi su gangara fadama. Mata sun shanya shinkafa a gefen kwalta, sun jera duwatsu a bakin shanyar, wata tsohuwa tana zaune da doguwar sanda tana korar kaji. Allon yana nan tsaye, reshen dogon yaro ya rufe rabinsa. Na ɗage reshen. Biyu da sifili.

Na zauna a gindin itacen. Ina zaune wata farar mota mai lambar waje ta taho a guje, ta ci burki a cikin kwanar har tayoyi suka yi ƙara, kaji suka watse, tsohuwar ta ɗaga sanda ta bi ta da zagi. Ban san ko direban waya yake kallo ba, wataƙila halinsa ne kawai. Amma na buɗe tawa wayar na ga ɗari zaune a kan wannan wuri, a ƙarƙashin laƙabin ɗan'uwana. Babu abin da ke da ciwo kamar wanda ka kwana kana jin haushinsa ya zama shi ke da gaskiya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɗan gari ya ga biyu da sifili huɗu zai ce, Yaya ya rubuta ashirin, a tashi lafiya. Wa ya ce masa ashirin? Na tambayi matarsa ko wa ke kawo lambobin bayan Madekali. Ta ce ai Alhajin Kabi ne, abokinsa ɗan Najeriya mai sayar da robobi da kwanuka, wanda ke shigowa duk kasuwa ya sha shayi a zaure kafin ya buɗe kaya.

Na same shi a rumfarsa yana jera bokitai. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, allon kwanag ga ta bayan Madekali, nawa kag gani?"

"Ashirin mana. Biyu da sihiri."

"Kuma ashirin kac ce mai?"

"To mi kaka so in ce? Ashirin ta. Ko Makka kat tahi ashirin ta."

Na gaya masa abin da ya shiga taswira. Ya saki bokiti ya riƙe haɓa. Ya ce, "La'ilaha illallahu! Ku kam Allah ya yi ku daban, a ce muku ɗaya ku ji biyat. In ciniki na, na san da dala aka yi, ba yau nif fara zuwa garin ga ba. Amma allon hanya kuɗi na? Saye za ni yi?" Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya masa. Ya rage murya ya ce, "Kada ka ɓata mai rai. Ka ce ni nib ɓata, idona na bai gani da kyau ba. Ni ba komi."

Na yi masa godiya, amma ban ɗauka ba. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ma. Ina iya gyara lambar da kaina a tsaye a nan, in aika wa mai dubawa hotunan, a rufe magana. Na kusa yi. Sai dai taswirar ba ta ɓoye wanda ya taɓa abu, kuma Yaya kowace safiya yana bin hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagaya gona. Na kai wa matarsa shawara a madafa, tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Tun da yak kwanta muke ɓoye mai abu. In yaro ya yi ɓanna, kada Baba shi ji. In an yi rasuwa, kada Baba shi ji. Aikin ga ɗai na wurin da ba a lallashinai. In kag gyara ba da saninai ba, ka maishe shi majinyaci ke nan. Tahi ka hwaɗa mai."

Na ce, "In ya koma ɗaki fa?"

Ta ce, "Ni ma ina tsoro." Ta ci gaba da tankaɗe.

Na bari sai bayan la'asar da zaure ya watse. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na fara da mai daɗi. Na nuna masa hotunan hanyar Gene, na ce duk daidai, na ba shi labarin goma da sha takwas, ya yi dariya da rabin bakinsa. Sa'an nan na karanta masa saƙon nan daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, na miƙa masa hoton kwanar. Ya dubi allon kaɗan. Ya sa yatsa ya ja hoton gefe, ya buɗa wurin da matan ke shanya, ya tsaya a nan.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kahin azumi."

Na shiga yi masa bayani, cewa ba laifin kowa ba ne, ashirin ɗin Alhaji daban tasa daban, kuma guda ɗaya ce tak cikin lambobi masu yawa. Ya ɗaga hannu na yi shiru. Ya ce, "Nan daji na san shi, ba gida ko ɗaya. Na ji ashirin, nic ce an yi sabon titi, gudu aka so." Ya kife wayar a cinya ya ce a kama shi ya shiga ciki.

Kashegari kujera ta wuni ba kowa. Masu shayi suka zo suka zauna jim, suka tashi ɗaya-ɗaya. Na je shago na kasa aiki, na kwance wayar wani na manta me ya ce ke damunta. Na ji haushin matarsa, na ji haushin Alhaji, na ji haushin mutumin can mai ido kamar na shaho, na fi jin haushin kaina da na kawo taswira gidan tun farko. Lambar kuwa ban taɓa ta ba, kuma wannan ma yana cina, don na san motoci ba su daina wucewa ba. Na yanke cewa in gari ya waye bai ce komai ba, zan gyara, duk abin da zai faru ya faru.

Da safe aka aiko in zo da moto. Na same shi a zaure, an sa masa babbar riga da hula, irin shigar da yake yi ran kasuwa. Ya ce, "Zuwa da kai ya hi saƙo. Kai ni."

Na ce hanya da nisa, a nemo mota. Ya ce ba ya son taro. To ga mutum mai hannu ɗaya, ba zai iya riƙe ni ba, ƙafa ɗaya kuma ba ta taka ƙarfen ɗora ƙafa. Muka tsaya muna kallon moto. Matarsa ce ta shiga ɗaki ta fito da zane, sabo, mai ƙarfi. Muka ɗora shi a baya ni da wani maƙwabci, ta zagaya zanen ta bayansa ta ƙarƙashin hammata, ta kawo gabana ta ɗaure a ƙirjina, ta ja ta ƙara ƙulli. Goyo dai sosai. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya dubi wani. Da na ɗaga moto daga tsayuwa na ji nauyinsa a bayana, sai lokacin na san irin ramar da ya yi, babbar riga ce ke rufe ta.

Ban tambaye shi ba na bi ta bayan gari, ta lungunan da ba kowa, na fita ta gefen gonakin shinkafa. A hankali muka tafi, kekuna suna wuce mu. Ina jin kansa yana juyawa dama da hagu. Duk allon da muka iso sai ya ɗan buga mini kafaɗa da haɓa in sassauta, ya duba, mu wuce.

A kwanar na tsaya a inuwar dogon yaro, ban kwance shi ba, don ya ce a bar shi haka. Tsohuwar nan tana wurinta da sandarta. Ta dube mu, ƙato goye da ƙato, ta yi mana sannu da Dendanci, Yaya ya amsa mata da shi. Ya tambaye ta ko mota ta taɓa buge wani a nan cikin watannin nan. Ta ce mutum dai Allah ya tsare, amma an kashe mata akuya, an kuma bi ta kan shanyar kishin ruwan wata maƙwabciyarta har sau biyu, wato shinkafar da ta jiƙa ta turara. Ya sake tambaya, ba yaro, ba babba? Ta ce babu. Na ji ƙirjinsa ya sauka a bayana, ya yi hamdala a hankali, ya maimaita.

Ya ce in ba shi waya. Na miƙa ta baya. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi a wurin, sai da na ɗaga masa gwiwar hannu sama. Ya daɗe yana fama, yatsan yana zamewa, ina jin numfashinsa a wuyana, ban ce in taya shi ba. Can ya miƙo mini ta saman kafaɗa na duba. Biyu da sifili. Ya ce in kakkarye reshen da ya rufe allon, na miƙa hannu daga kan moto na karya. Sa'an nan ya ce in rubuta wa mutumin can.

"Ka ce mai ya yi gaskiya. Ka ce mai na zo da kaina na gani. Ka ce Allah shi saka mai."

Na rubuta yadda ya faɗa, na haɗa da hotunan duka. Daga baya mutumin ya amsa da godiya, ya bar lambobin yadda suke, har ya tambayi ko za mu duba masa wata hanya wajen gada. Amma a ranar ba mu san abin da zai ce ba, kuma na lura Yaya bai tambaya ba.

Muka juyo. Rana ta ɗaga lokacin da muka iso bakin gari, kuma ran kasuwa ce, ta ƙarshe cikin kwana ukun da take ci, tun daga nesa ana jin hayaniya da ƙahon motoci. A mararraba na karkata kan moto zuwa lungun da muka fito ta ciki. Sai na ji haɓarsa a kafaɗata.

"Ina za ka?"

"Gida, ta baya."

Na ɗauka ya yarda. Na ji yana ƙoƙarin gyara hularsa da hannun hagu, ta goce, ya sake turawa.

Ya ce, "Bi ta kasuwa."

Na ce, "Yaya, cike take. Kowa na nan."

Ya ce, "Na sani."

Idona ya cika da hawaye, na gode Allah da yake a bayana yake ba ya ganin fuskata. Na juya kan moto na shiga cikin mutane, ƙafata tana jan ƙasa saboda cunkoso. Mun kusa rumfar albasa wani ɗan dako ya fara ganin sa, ya tsaya da buhu a ka, ya buɗe baki. Ban san me Yaya zai yi ba. Sai na ji ya ja numfashi, zanen ya matse mini ƙirji, ya ɗaga murya yadda ta samu, a karkace, ya kira mutumin da sunansa ya ce ya sauke buhun nan ya zo su gaisa.